Ɓarakar da duniya ta toshe, mu tamu tana nan a buɗe

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro irin wanda ya saba bai wa kowa. Ranar ta zo ta wuce a Garwa da Marwa da Ngaundare, babu wanda ya ji ko ɗar, domin kwamfutoci sun kunnu kamar kullum, firinta ta ci gaba da fitar da takardun dosiye, masu shago sun karɓi kuɗinsu. Haka aka yi ranar 14 ga Janairun 2020 da wa'adin Windows 7 ya cika, haka kuma ranar 8 ga Afrilun 2014 da na Windows XP ya cika. Har gobe in ka leƙa shagunan buga takardu da ke kewaye da jami'o'inmu da ofisoshin hukuma, ko ka tsallaka gada daga Kusiri zuwa Njamena, za ka tarar da Windows 7 tana aiki kamar ba abin da ya faru. Wannan shirun ne ya dame ni, domin kwamfutar da aka daina tura mata gyara ba ta yin ƙara, ba ta nuna alama, kullum dai tana ƙara zama mai sauƙin shiga.

Idan ana labarin kutsen kwamfuta, hankalin mutane yakan tafi ga manyan makamai na asiri da gwamnatoci ke saye da miliyoyin daloli. Suna nan, kuma zan zo kansu. Amma ba su ne haɗarin da ke ƙofar gidanmu ba. Namu haɗarin tsofaffin ɓarakoki ne waɗanda aka gano, aka ba su lamba, aka fitar da facinsu, wato gyaran da ke toshe su, kyauta tun shekaru, mu kuwa facin bai taɓa isowa kan na'urorinmu ba.

Babbar manhaja irin Windows ko macOS ko Linux rubutu ne na miliyoyin layuka, dubban mutane suka rubuta shi cikin shekaru masu yawa, wani sashen ma an gaje shi daga waɗanda suka bar aikin tuntuni. Dole a sami kuskure. Yawancin kurakuran iyakarsu su sa shiri ya daskare ko ya rufe kansa. Kaɗan daga ciki ne ke ba wa baƙo damar sa kwamfutar ta yi abin da mai ita bai umarta ba, kuma waɗannan su ne ɓarakar tsaro.

Ɗaya daga cikin mafiya tsufa ita ce ambaliyar ma'adana, wato wurin da kwamfuta ke riƙe bayanai yayin da take aiki. A ɗauki takardar cikewa ta neman shiga konkur: gurbin suna yana da akwatuna ashirin, a gefensa kuma akwai gurbin da ma'aikaci ke rubuta ofishin da za a kai takardar. Idan mai cikewa ya rubuta haruffa sittin, ma'aikacin kuma bai ƙirga ba, rubutun zai malala ya hau kan wancan gurbin. Wanda ya san abin da yake yi sai ya tsara haruffan ƙarshe su zama sunan ofishin da shi yake so, takardar ta tafi inda ya nufa. Haka abin yake a cikin kwamfuta. Shiri yakan ware wuri ƙayyadajje don bayanin da zai karɓa, kusa da wurin kuma akwai adireshin umarnin da zai koma bayan ya gama. In mai rubuta shirin bai auna tsawon abin da aka ba shi ba, mai kutse zai iya rubuta nasa adireshin a kai, shirin ya juya ya bi umarninsa. Da irin wannan dabara tsutsar Morris ta bazu a intanet a Nuwamban 1988. Bayan shekara 31, a 2019, Microsoft da kansa ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakokin da yake toshewa a kowace shekara matsalolin sarrafa ma'adana ne. Dalili kuwa, yarukan C da C++ da aka gina waɗannan manhajoji da su sun bar wa mai rubutu alhakin ƙirga komai da kansa, ɗan Adam kuma yana mantuwa. Shi ya sa yanzu ake ta ƙoƙarin sake rubuta wasu sassa da yaren Rust, wanda ke hana irin wannan kuskure tun a wajen rubutu.

Akwai kuma kuskuren tunani kawai, wanda babu ruwansa da ma'adana. A Nuwamban 2017 aka gano cewa a macOS High Sierra mutum zai iya rubuta sunan babban mai iko, ya bar gurbin kalmar sirri fayau, ya danna, a buɗe masa komai.

Gano ɓaraka daban, mayar da ita makami daban, kuma a nan ne ainihin binciken yake. Shekaru ashirin da suka wuce abin ba wuya. Sai kamfanoni suka fara kafa shingaye. A 2004 Windows XP ta sami kariyar da ke hana a gudanar da umarni daga wurin da aka ware don ajiyar bayani kawai. Da Windows Vista ta fito a 2007 sai aka fara sassauya wuraren da sassan manhaja ke sauka cikin ma'adana, yadda mai kutse ba zai san adireshin da zai nufa ba. Burauza irin Chrome ta sa kowane shafi cikin keji, ko an fasa shafin ba a kai ga sauran kwamfutar ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya kawar da kuskuren. Abin da suka yi shi ne tsawwala wa mai kutse. Yau yakan buƙaci ɓaraka ɗaya ya leƙo inda abubuwa suke a ma'adana, wata ya samu gudanar da umarninsa, wata ya fita daga kejin, wata kuma ya hau matsayin mai cikakken iko a zuciyar babbar manhaja. Aikin watanni ne ga ƙwararru, kuma da zarar an toshe guda, sarƙar ta tsinke.

Wannan wahalar ce ta haifar da kasuwa. Tun 2007 ake gasar Pwn2Own, wadda ta fara a birnin Bankuba na Kanada: mai bincike ya fasa na'ura a gaban alƙalai, a biya shi, a miƙa wa kamfanin bayanin ya gyara. Microsoft yana biyan har dala 250,000 kan ɓaraka mai tsanani a Hyper-V, manhajarsa ta tafiyar da kwamfutocin kwaikwayo cikin kwamfuta guda. A ɗaya ɓangaren akwai dillalan da ke saye don sayar wa hukumomin leƙen asiri, ba don a toshe ba. A 2019 ɗaya daga cikinsu, kamfanin Zerodium, ya sa farashin har dala miliyan 2.5 kan cikakkiyar sarƙar fasa wayar Android. Tsakanin waɗannan akwai muhawarar da ba ta ƙare ba: wanda ya gano ɓaraka, ya faɗa wa duniya nan take ne, ko ya jira kamfani? Tawagar Project Zero da Google ya kafa a 2014 ta ɗauki matsaya: kwana 90 take ba kamfani, in ya gyara shi ke nan, in bai gyara ba za ta fallasa. Ni ina ganin wannan matsin lamba daidai ne, domin kafin a fara sa wa'adi an sha barin rahoton masu bincike ya kwana a aljihun tebur. Sai dai wa'adin an gina shi ne bisa zaton cewa da zarar faci ya fito, mutane za su sa. Wannan zaton ne bai yi aiki a kanmu ba.

A duba lissafin. Tun 1999 cibiyar MITRE ta Amurka ke kula da tsarin ba wa kowace ɓaraka lambar CVE. A 2024 kaɗai an wallafa sama da 40,000. A wannan shekarar masu binciken Google sun ƙirga 75 da aka yi amfani da su wajen kai hari kafin facinsu ya fito, irin waɗanda ake kira na ranar sifiri, domin kamfanin bai sami ko kwana guda na shiri ba. Wanda ya kashe dukiya ya mallaki irin wannan makami ba zai ɓarar da shi a kan shagon fotokofi na Marwa ba, domin duk lokacin da ya harba yana iya tona kansa. Yana ajiye shi don ministoci da 'yan jarida da manyan kamfanoni. Ragowar dubban kuwa, bayaninsu na nan a fili ga kowa.

Ga abin da ba kowa ya lura da shi ba: facin da kansa yana nuna inda ramin yake. Tun Oktoban 2003 Microsoft ke fitar da gyare-gyarensa a Talata ta biyu ta kowane wata. A daren nan masu bincike, nagari da miyagu, sukan ɗauki fayil ɗin da aka gyara su jera shi da na jiya, su duba layin da ya canza. Inda aka ƙara awon tsawo, nan ne da ba a aunawa. Daga nan zuwa haɗa makami wani lokaci kwanaki ne. Wato ranar da wanda ke sabuntawa ya tsira, a ranar ce wanda ba ya sabuntawa ya fi shiga haɗari, domin sirrin da mutum biyu ko uku suka sani ya zama na kowa.

Labarin WannaCry ya nuna wannan ƙarara. Hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA tana da wani makami mai suna EternalBlue, wanda ke shiga ta tsohon tsarin raba fayiloli na Windows, SMB zubi na farko, ba tare da kowa ya danna komai ba. Microsoft ya fitar da faci ranar 14 ga Maris 2017. Bayan wata guda wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta watsa makamin a intanet. Ranar 12 ga Mayu aka haɗa shi da manhajar garkuwa da fayiloli, wato WannaCry, ta kulle sama da kwamfutoci 200,000 a ƙasashe kusan 150, asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Wata biyu cur facin yana nan kyauta. Mafi yawan waɗanda abin ya ci suna kan Windows 7 ne, wadda a lokacin ana tura mata gyara, ba su dai sa ba. Makonni shida bayan haka wata muguwar manhaja, NotPetya, ta bi ta wannan ƙofar daga Yukren, ta jawo wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk asarar kusan dala miliyan 300.

To mu me ya hana mu sabuntawa? Ba sakaci ba ne kawai, kuma bai kamata a yi wa mutane rashin adalci ba. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, sun shigo ta tashar Duwala ko ta kasuwannin Najeriya, wasu sun haura shekara goma. Wanda ya sayi ɗaya yakan kai wa mai gyara. Mai gyaran zai zaro kilen USB ɗinsa, ya ɗora Windows da Office waɗanda aka fasa, ya kashe kariyar da ke cikin Windows don kada ta goge manhajar fashin, sannan ya shiga ya kashe sabuntawa gaba ɗaya. In ka tambaye shi dalili zai ce, "Alhaji, in na bar ta a kunne za ta shanye maka data cikin dare ɗaya, gobe ka dawo ka ce na ɓata maka na'ura." Gaskiya ya faɗa. Gyaran wata guda yakan kai ɗaruruwan megabait, mai amfani da datar waya yana jin zafinsa a aljihu. Ga ɗaukewar wuta, musamman da bazara idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, kuma kwamfutar tebur da wuta ta ɗauke mata tana tsakiyar sabuntawa tana iya ƙin tashi. Windows 11 kuwa tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, abin da galibin tsofaffin na'urorin nan ba su da shi. Mai gyara ya warware matsalar da abokin cinikinsa zai gani gobe, ya bar masa wadda ba zai gani ba sai ta faru. Manhajar fashin kanta wani batu ne: an ba ta cikakken iko, an kashe mai gadi saboda ita, kuma babu wanda ya san wanda ya rubuta ta.

Ga misalin da ya fi kusa da teburin sakatare. A cikin Microsoft Office akwai wani ɗan shiri na rubuta lissafi, Equation Editor, wanda aka harhaɗa tun shekarar 2000 aka ci gaba da ɗauko shi a haka. A Nuwamban 2017 aka toshe wata ambaliyar ma'adana a cikinsa mai lamba CVE-2017-11882, bayan ta shekara 17 a kwance, a Janairun 2018 kuma aka cire shirin ɗungurum. Duk da haka ta shafe shekaru tana cikin ɓarakokin da aka fi kai hari da su a duniya, saboda tsofaffin Office da ba a taɓa sabuntawa ba. Aikinta mai sauƙi ne: a turo takardar Word da sunan faktir ko sanarwar ɗaukar aiki, a buɗe, shi ke nan, ba a tambayar mai buɗewa izinin komai. Duk Office 2010 da aka ɗora daga kilen mai gyara aka kashe masa sabuntawa, wannan ƙofar tana nan a jikinsa.

Shi ma kilen USB yana da labari biyu da ake cakuɗawa. Birus ɗin da kowa ya sani, wanda ke ɓoye fayilolinka ya bar maka gumakan gajeriyar hanya bayan ka dawo daga shagon buga takardu, yawanci ba ya buƙatar wata ɓaraka. Yaudara ce, kai kake danna masa da hannunka. Amma muguwar manhajar Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan an auna ta kan cibiyar nukiliyar Natanz ta Iran, ta yi amfani da kuskure a yadda Windows ke zana hoton gunkin. Buɗe kilen kaɗai ya isa. An toshe wannan a Agustan 2010, daga baya ƙananan ɓarayi suka ɗauke shi suka ci gaba da amfani da shi kan waɗanda ba su sa facin ba. Haka makamin gwamnati ke gangarowa har ya zama na kowa.

Wani zai ce me yake da shi da za a sata. A buɗe kwamfutar kowane shagon buga takardu a lokacin konkur a gani: hotunan katin shaida, takardun haihuwa, shaidar kammala karatu, hotunan fasfo na ɗaruruwan matasa, duk a jibge cikin babban fayil guda, babu wanda ke gogewa. Ga kalmomin sirrin da burauza ta adana, ga WhatsApp da aka buɗe a kwamfuta aka manta ba a fita ba. Chrome ma ya daina sabunta kansa a Windows 7 tun farkon 2023, ya tsaya a zubi na 109. Wannan shago ke nan. Sai a yi tunanin ƙananan bankunan lamuni, da ɗakunan shan magani, da ofisoshin magajin gari masu riƙe da rajistar haihuwa.

Kuma ba hasashe ba ne cewa ana farautar yankinmu. A Nuwamban 2022 kamfanin tsaron kwamfuta na Group-IB tare da sashen tsaron intanet na Orange suka fitar da rahoto kan wata ƙungiyar masu kutse mai jin Faransanci da suka sa wa suna OPERA1ER. Tsakanin 2018 da 2022 ta kai hare-hare sama da 30 kan bankuna da kamfanonin sadarwa, galibi a Afirka, har da Kamaru da Nijar, ta kwashe aƙalla dala miliyan 11. Abin lura shi ne ba ta ƙera wani makami na musamman ba. Saƙonnin imel na yaudara ta yi amfani da su, da kayan aikin da ake samu kyauta ko a saya da araha, ta zauna watanni cikin na'urorin tana karantar yadda kuɗi ke tafiya. A 2023 Interpol ta sanar da kama wanda ake zargin jigo ne a ƙungiyar a Kodebuwa.

Masu cewa a koma Linux suna da hujja, kuma ina tare da su a kan tsofaffin na'urori: nau'o'in Linux irin su Ubuntu ko Linux Mint kyauta ne, ba sai an fasa komai ba, kuma suna ci gaba da samun gyara a kan kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. Amma kada a ɗauka can babu ɓaraka. Wata ɓaraka mai suna Dirty COW ta shekara tara a zuciyar Linux kafin a gano ta a 2016. Wata kuma, PwnKit, wadda kamfanin Qualys ya bayyana a Janairun 2022, tana nan tun 2009. A Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura ta nesa yana jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya gano ƙofar baya da aka dasa da gangan cikin manhajar matse fayiloli ta xz, saura ƙiris ta shiga manyan zubin Linux. Linux ɗin da ba a sabuntawa matsalarsa ɗaya da Windows ɗin da ba a sabuntawa.

Abin da nake ganin zai yi aiki a nan sai ya bi ta hannun masu gyara, domin su ne ke yanke hukuncin tsaron kwamfutocin gari ba tare da an naɗa su ba. Ana iya sauke gyaran Windows na wata sau ɗaya daga rumbun Microsoft Update Catalog a zuba a kile, a ɗora wa na'urori da yawa. Kuɗin data ya zama na mutum ɗaya, mai gyara kuma ya sami sabon abin da zai caji kuɗi a kai kowane wata. Mai Windows 10 yana iya yin rajistar ƙarin wa'adin da Microsoft ya buɗe har zuwa Oktoban 2026. A buɗe wa mai aikin yau da kullum asusu mara cikakken iko, abin da ba ya cin ko dala, amma yana tilasta wa mai kutse neman ƙarin ɓaraka kafin ya mallaki na'urar. Na'urar da ba za a iya sabunta ta ba a raba ta da intanet, a kashe mata SMB na farko, kada a taɓa harkar kuɗi a kanta. A riƙa kwafe muhimman fayiloli a faifan da ake cirewa a ajiye. Hukumomin da aka ɗora wa wannan nauyi, ANTIC a Kamaru da ANSICE a Chadi, da za su kai horo ga masu gyara na kasuwannin Garwa da Marwa da Njamena, cikin Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa, da amfanin ya fi na taron otal yawa.

Ga ɗaliban kwamfuta na Ngaundare da makarantar fasaha ta Marwa da sabuwar jami'ar Garwa kuwa, wannan fanni ne da ba ya neman babban jari. Ghidra, manhajar warware shiri a ga cikinsa, kyauta ce tun da NSA ta sake ta a 2019. Kayan jefa wa shiri dubban gurɓatattun bayanai har ya faɗi a gano inda ya karye, irin su AFL, kyauta ne. Ana iya ɗora tsohuwar Windows cikin na'urar kwaikwayo a kan laftof ɗinka, ka ɗauki tsohuwar lambar CVE, ka jera fayil kafin faci da bayan faci har ka gane abin da ya faru. Sharaɗin shi ne a tsaya kan na'urar da mutum ya mallaka ko aka ba shi izini a rubuce, domin dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamban 2010 ta tanadi ɗauri da tara kan shiga na'urar wani ba da izini ba, ko da niyyar gwaji ce. Ɗalibin da ya taɓa bin ɓaraka guda daga tushe har ƙarshe, shi ne zai iya zama da shugaban ƙaramin banki ko na asibiti ya lissafa masa na'urorin da ke kan Windows 7, da abin da ke cikin kowacce, da wadda ya kamata a fara cirewa daga layi.